Safiyar da Aka Tashi Alhaji da Waƙa

Surukata 'yar ƙasar Sweden ce. Ɗana na fari ne ya auro ta, kuma da yake ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, ba zan fara a takarda ba. Likita ne a Manchester, ita kuma injiniya ce a harkar ruwan sha. A lokacin da abin nan ya faru suna da 'ya mace mai shekara biyar da 'yan watanni, da ƙaninta wanda bai fara tafiya ba. Ni da maigidana Alhaji muna Small Heath a Birmingham, a gidan da muka shiga tun yaranmu suna firamare. Shi akanta ne da ya yi ritaya. Ni kuwa kafin mu zo ƙasar nan aikin rediyo na yi a gida, karanta labarai da fassara, kuma kunnen da aikin ya ba ni bai rabu da ni ba. Har yau in mutum yana magana, nakan ji inda ya ja numfashi kafin in ji abin da ya faɗa.

Abin da kunnen nan ya fara kamawa a gidansu shi ne waƙa ba ta yankewa. Ba ta rediyo ko ta waya ba, ta baki. Da waƙa ake wanke wa yarinya hannu, da waƙa ake sa mata takalmi, har tsallaka titi akwai tasa. Gajeru ne, yawanci na dabbobin daji da ruwan sama da kwale-kwale, ana yi ana kwaikwayo da hannu. Na barci kuwa suna da wani sanyi mai sa kewa, kamar mai rerawar tana tuna wani da ya yi tafiya bai dawo ba. Ban san ma'anar ko kalma ɗaya ba, amma na lura harshensu yana hawa yana sauka a cikin kalma, kusan irin namu, shi ya sa waƙar ba ta yi mini baƙunta sosai ba.

Alhaji ne ta yi wa baƙunta. Wani lokacin bazara iyayen surukar tamu suka zo daga ƙasarsu, aka haɗa mu cin abinci. Ana tsakiyar ci sai uwar, tsohuwar shugabar makaranta ce mai farin gashi, ta buga cokali a jikin kofi ta ɗauko waƙa. Mijinta ya amsa da babbar murya, 'yarsu ta shiga, jikarmu tana dukan tebur. Alhaji ya kafa wa farantinsa ido har aka gama. Sai da muka shiga jirgin ƙasa na komawa Birmingham ya yi magana.

"Hajiya, mutum da furfurarsa, da matsayinsa, ya wangale baki yana waƙa a gaban surukai. Ba roƙo yake ba, ba wanda ya biya shi."

"Haka suke yi a can."

"Na gani ai."

Na fahimce shi. Inda muka tashi waƙa sana'a ce mai gidajenta. 'Yan mata su yi a dandali, mata su yi a kan turmi da dutsen niƙa, amma dattijo saurare yake ya yi kyauta. In ban da karatun Alƙur'ani, ban taɓa jin muryar mahaifina ta ɗauki wani kari ba. Duk da haka Alhaji ya sassauta da yawa a zaman ƙasar nan. Yakan ci abinci a tebur ɗaya da matar ɗansa, abin da mahaifinsa ba zai taɓa yi ba, har gardamar ƙwallo suna yi, tana ce masa Baba, yana ce mata Injiniya.

Ranar haihuwar da ke cikin fasfon Alhaji ba tasa ba ce. Wani malamin firamare ne ya zaɓa masa ita ranar da aka sa shi a makaranta, ta bi shi har Ingila. Bai taɓa kula ta ba sai wajen cike takardu. A wannan shekarar ta faɗo a ƙarshen mako cikin hunturu, muna Manchester, kuma shi ne karo na farko da ta same shi a gidan ɗansa. Ni ban ma tuna ba.

Mun yi sallar asuba a ɗakin baƙi, a saman bene. Alhaji ya koma gado kamar yadda ya saba, daga shi sai singileti da zane. Hularsa tana kan ƙaramin tebur, kusa da kofin da yake jiƙa haƙoransa na sama, waɗanda ko 'ya'yansa ba duka suka san na roba ne ba. Ni ina kan sallaya da carbi. Na ji takun ƙafafu a kan matakala, da raɗa, da wata 'yar dariya da aka toshe da hannu. Na zaci yarinyar ce za ta banɗaki. Sai na ji mutane sun ja numfashi tare, irin wanda ake ja kafin a fara waƙa, kuma kafin in miƙe ƙofa ta buɗe.

Surukata ce a gaba, da rigar barci da wata riga mai ɗamara a sama, gashinta a sake. Tana riƙe da tire: kek da kyandir yana ci, kofin shayi, da wata 'yar tutar ƙasarsu a tsaye. Ɗana yana bayanta da jariri a kafaɗa, yana waƙar shi ma, da yarensu. Jikata tana tsalle a tsakaninsu. Waƙar mai ƙarfi ce, mai takun soja, ba ta da alamar ƙarewa da wuri.

Alhaji ya farka a firgice. Ya ja bargo zuwa wuya, ƙafafunsa suka fito har gwiwa. Ya miƙa hannu neman hula, ya ture kofin. Ruwa ya zube, haƙoran suka gangara kan kafet suka tsaya a tsakiyar ɗaki.

"Farfar, your teeth!" in ji yarinyar. Farfar shi ne kakan wajen uba a yarensu, haka take kiransa. Ta ɗauka ta miƙa masa da hannu biyu, kamar yadda na koya mata miƙa wa babba abu.

Surukata ba ta daina waƙa ba. Ina ganin ta ɗauka ci gaba da waƙar shi ne zai rufe abin. Ta ƙaraso, ta zauna a bakin gadon, ta ɗora masa tiren a kan cinya. Suka ƙare da ihun murna a tare.

Alhaji ya rufe baki da tafin hannu. Ya ce, "Na gode. Allah ya yi albarka." Bai dubi kowa ba. Da suka fita, ya ajiye tiren a ƙasa, kyandir yana ci har lokacin, ya ce da ni, "Hajiya, duba mana jirgin safe."

Ɗanmu ne ya kai mu tasha. A mota ya yi ta kallon ubansa ta madubi.

"Abba, me ya faru ne? It's just a song. Haka suke yi wa kowa ranar birthday ɗinsa, ni ma haka ake tashina."

"Bidi'a ce," in ji Alhaji, yana kallon titi. "Ba a san mu da bikin ranar haihuwa ba."

Na san ba wannan ba ne. Mutumin da ya saya wa jikarsa keke ranar da ta cika shekara huɗu ba shi zai ce haka ba. Kuma na san shi da waƙa. Tun muna gida akwai waƙoƙin disko na wasu Turawa da muke sakawa a shirin gaishe-gaishe, ba mu ma san 'yan Sweden ba ne sai da surukarmu ta gaya mana. Alhaji yana da su a mota har gobe, yana kaɗa yatsa a kan sitiyari, bakinsa a rufe. Amma ba zai iya faɗa wa ɗansa gaskiyar maganar ba, don faɗar ta daidai take da sake tsayawa a gabansu da singileti. Ya ɗauko kalmar da ya san ba a gardama da ita. Ɗanmu kuwa ya kai ta gida yadda aka ba shi.

Daga nan Alhaji bai sake taka Manchester ba. Yau gwiwa ce, gobe likitan unguwa ya ba shi rana, jibi taron kwamitin masallaci, ko mai gyaran boiler ɗin ɗumama gida zai zo. In su suka zo Birmingham, sai ya sa babbar riga ya gaisa da su daga tsaye, ya ce zai je Sparkhill sayen nama. Naman da ake samu a ƙarshen layinmu. Yakan yi ta yawo a Stratford Road daga wannan shago zuwa wancan, sai ya ƙiyasta sun kama hanya ya dawo da leda ɗaya. A gida ma zama ya gagare shi. Ya kunna labarai ya kashe, ya fita bayan gida ya duba bishiyar da ba ta da ganye, ya dawo ya tsaya a ƙofar kicin.

"Amaryar tawa ta warke daga murar?"

Jikarsa yake nufi. Wasan jika da kaka ne, tun tana zanen goyo yake ce mata amarya.

"Ka kira ta ka ji mana."

"Ai ke kina zuwa."

Ina zuwa kuwa. Na zama 'yar jirgi. In ina Manchester hankalina yana kan tsohon da na bari yana zagaye ɗaki, in na dawo Small Heath hankalina yana can. Na haddace tashoshin hanya, na san inda ake shiga ramin da waya ke ɗaukewa, na san kujerar da ba ta fuskantar baya. Sau da yawa ina isa sai in fara duba lokacin komawa.

Abin da ya fi damuna shi ne gidan Manchester ya yi tsit. Surukata ta shiga ɗaura ɗankwali in ina nan, abin da ban taɓa nema ba. Ana sa wa yarinya takalmi shiru. Wata rana tana wanka ta ɗauko waƙar kwale-kwalenta, na ji uwar ta ce mata wani abu a hankali da yarensu, waƙar ta tsaya a tsakiyar kalma. Na yi shekaru ina aikin da in sauti ya yanke haka, to wani abu ya lalace a ɗakin watsa shiri. Jikina ya ɗauka kafin tunanina. Yarinyar ta fito da tawul, ta dube ni, ta tambaye ni da Turancinta na Manchester ko ni ma waƙa tana sa ni fushi kamar Farfar.

"Wa ya ce miki yana fushi?"

"To me ya sa ba ya zuwa?"

Na ce ta zo in shafa mata mai.

Uwar surukata ta taɓa turo mini kiɗan gargajiyarsu a waya, na ajiye ban saurara ba. A jirgi na fara buɗewa, don in hana kaina ƙirga tashoshi. Akwai wani irin goge nasu mai maɓallai a wuya, ana danna su ana goga, sautinsa yana da amsa-kuwwa kamar ana kaɗa shi a cikin rijiya. Akwai kiɗan rawa mai taku uku da ke ɗingishi da gangan. Akwai waƙoƙin bazara, waɗanda ko suna murna sai ka ji tsoron dawowar duhu a ƙarƙashinsu. Wanda ya tsayar da ni shi ne na wata mata ita kaɗai, babu kiɗa, tana kiran shanu daga kan tudu da murya siririya mai nisa. Babu kalma a ciki. Na taɓa jin irinsa a bakin matan Fulani a bayan garinmu. Na maimaita shi har muka shiga Birmingham, na kusa mance jakata. Abin da na gane shi ne mutanen nan ba don a kalle su suke waƙa ba. Da ita suke kiran nasu. Abin da aka yi wa Alhaji ke nan da safiyar nan, shi kuwa ya amsa da jirgin safe.

Ya zama dole wani ya faɗa mata, kuma ba kowa sai ni. Amma ni ma a wurina matar ɗana na fari ce, akwai kunya tsakanina da ita, balle maganar jikin mijina. Na karanta sanarwar rasuwar mutanen da na sani a rediyo muryata ba ta girgiza ba, amma wannan na yi ta ɗaukowa ina ajiyewa. Sau biyu na je da niyya na dawo da ita. A karo na uku na same ta a kicin tana murza ƙullin burodin kirfa da suke ci da kofi, yara suna wajen ubansu a falo. Na ja kujera. Na yanke shawara zan yi da Turanci, kuma zan yi kamar ina karanta labarai, jimla gajera bayan jimla gajera.

"'Yata, me ya sa kika daina yi wa yaran nan waƙa?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙullin. "Mama, ban san haramun ba ne a wurinku. Da na sani da ban yi ba. Ba na so in sake ɓata wa Baba rai."

"Ba haramun ba ne. Ba waƙar ba ce ma."

"Amma ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Ina cikin motar. Ba waƙar ba ce."

"To mece ce?"

"Kin ga ƙafafunsa."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Da ta ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

Na ce mata a wurinmu matar ɗa ba ta shiga ɗakin barcin uban mijinta. Ba ta ganin sa babu hula, balle babu riga. Ba ta zama inda yake kwanciya. Na ce ba ƙiyayya ba ce, tazarar ita ce girmamawar, daga gare ta zuwa gare shi, daga gare shi zuwa gare ta. Na ce cin abincin da yake yi da ita a tebur ɗaya ma babban abu ne ya sauke don ita. Maganar haƙora ban taɓo ba, ita ma ba ta taɓo ba.

Ta zauna. Fuskarta ta yi ja har kunnuwa, abin da fatarsu ba ta iya ɓoyewa.

"Na zauna a kan gadonsa," ta ce.

"Kin zauna."

"Mama, a gidanmu wanda ba a tashe shi da waƙa ba baƙo ne. Tun da na yi aure nake jira ranar haihuwarsa ta same shi a gidana. Na tashi tun duhu na haɗa kek ɗin." Ta goge hannu a jikin riga. "Me ya sa mijina bai hana ni ba? Shi ya kunna kyandir ɗin ma."

"A Small Heath ya girma. Bai taɓa ganin suruka a gidanmu ba, ke ce ta farko. Mu kuma ba mu gaya masa ba, mun ɗauka abu ne da ake sani."

"Zan kira Baba in ba shi haƙuri."

"Kul."

"Don me?"

"In kin ba shi haƙuri, kin gaya masa kin tuna."

"Ai na tuna."

"Shi ne za ki nuna masa ba ki tuna ba."

"Mama, ban iya ƙarya ba."

"Ba ƙarya ba ce. Kawaici muke ce masa. Kin gani, ya san kin gani, ke kuma ki bar masa wurin da zai tsaya da hularsa."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Mutanen ƙasarsu sun saba a zauna a baje magana a tebur har a ga ƙarshenta, ni kuma ina ce mata ta binne wannan da ranta. Daga baya ta tambaye ni yadda ake gaida suruki, tun daga inda ake tsayawa. Na nuna mata a nan kicin, tsakanin firiji da injin wanki. A daren nan na ji ta yi wa jaririn waƙar barci, a hankali, ƙofa a rufe.

Ban gaya wa Alhaji mun yi magana ba. Da ya sani da ba zai sake zuwa ba har abada. Na bar abin a hannun wadda take da ikon faɗa masa duk abin da ta ga dama. Da ranar cikar jikarmu shekara shida ta matso, na kira ta a waya mai hoto, na miƙa masa kafin ya sami hanyar fita. Haƙoranta na gaba biyu sun fita a makon nan.

"Farfar! Tsoho! Za ka zo ka tashe ni ranar birthday ɗina ko ba za ka zo ba?"

"Amarya, gwiwata ce..."

"Kullum gwiwa. In ba ka zo ba I'm getting a new husband."

"Wa zai kwashe ki da wannan giɓin? Dube ta, baki kamar ƙofar gareji."

"Ai kai ma ba ka da su! Na gani!"

Na riƙe numfashi. Sai Alhaji ya tuntsire da dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Ni nawa ina mayar da su kullum da safe. Ke naki fa, ina suke?"

"Za su fito. Naka ba za su fito ba. Za ka zo?"

"Kwana ɗaya," ya ce. Ya miƙo mini wayar ba tare da ya dube ni ba.

A jirgi bai zauna wuri ɗaya ba. Ya je banɗaki, ya dawo, ya tashi ya duba jakarmu a inda ake ajiye kaya, ya tambayi mai duba tikiti ko jirgin yana kan lokaci. A aljihunsa akwai wata 'yar roba da ake cusawa a ƙarƙashin ƙofa don kada a iya turo ta daga waje, ya saye ta a Coventry Road. Da muka isa surukata ba ta fito tarbarsa a ƙofa ba kamar da. Sai da ya zauna a falo ta zo ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ɗan rusuna, idonta a ƙasa.

"Baba, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ya yara?"

"Lafiya lau."

Ta juya ta koma kicin. Abincinsa ɗansa ne ya kawo masa a falo. Alhaji ya dube ni da gefen ido, na mai da hankali kan jariri.

Washegari bayan asuba bai koma gado ba. Ya sa babbar riga da hula, ya fesa turare, ya zare robar daga ƙarƙashin ƙofa, muka sauko. Surukata tana ƙasan matakala da doguwar riga da mayafi, tire a hannunta, kyandir yana ci. Ta gaishe shi. Ba ta miƙa masa tiren hannu da hannu ba, ta ajiye a kan matakala ta ja da baya. Ya tsaya yana kallon tiren. Ɗanmu ya buɗe baki zai yi magana, na taka masa ƙafa. Alhaji ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa, ya sunkuya ya ɗauka, ya fara hawa a hankali saboda shayin.

A bakin ƙofar yarinyar suka ja numfashi suka fara. Shi yana gaba, bakinsa a rufe gam. Ni na bi karin da hanci, tunda ban san kalmomin ba. Yarinyar tana kwance ta runtse ido da ƙarfi, wai barci take, ƙafarta tana rawa a ƙarƙashin bargo. Da aka yi ihun ƙarshe ta zabura.

"Farfar, ba ka yi waƙa ba! Na ji, babu muryarka!"

"Ni angon ne, kek na kawo. Waƙa aikin maroƙa ne, ga su nan na zo miki da su."

Sai a lokacin na lura uwar yarinyar ba ta shigo ba. Tana tsaye a waje, a bakin ƙofar ɗakin 'yarta, don shi yana zaune a bakin gadon. Daga can ta yi waƙarta. Tun da ta haifi yarinyar nan ita take fara rungumar ta a wannan safiya, yau tana leƙe ta bayan kafaɗar mijinta. Ni na koya mata, kuma ban ji daɗin ganin yadda ta iya ba.

Alhaji ma ya gani. Ya miƙe daga gadon, ya koma jikin taga, ya juya yana kallon titi.

"Hajiya," ya ce, "ki ce wa uwar yarinya ta shigo. Ɗakin 'yarta ne."

Ban buƙaci fassara mata ba. Ta shigo.

Yanzu yana zuwa Manchester, yana kwana, wani lokacin har kwana uku. Waƙa ta dawo gidan, da ta takalmi da ta wanka da wasu sababbi da yarinyar ke kawowa daga ajin yarensu na ranar Asabar. Shi yana falo da jaridarsa, bai taɓa cewa a rage murya ba. Amma gardamar ƙwallo ba ta dawo ba, bai sake ce mata Injiniya ba, kuma a tebur ɗaya ba su sake ci ba. Tana gaishe shi daga bakin ƙofa, daidai yadda na nuna mata, ba ta taɓa kuskure ba. Wani lokacin nakan ga ta taho da wata magana a bakinta, labarin wasan jiya ko wani abin dariya daga wurin aiki, ta iso ƙofar falo ta haɗiye ta. Ni na jawo wannan, kuma har yau in ina cikin jirgi nakan juya shi in sake juyawa.

Na tambaye ta wata rana, muna wanke-wanke, ko abin yana damun ta. Ta ɗauraye kofin da ke hannunta ta kife shi.

"Yana damuna, Mama," ta ce. "Amma yana kwana a gidana. Sauran zan jira."